Raspberry Pi ko waninsa: wace ƙaramar kwamfuta ce ta dace da firintar 3D ta gida?

A farkon Disamba 2025 kamfanin Raspberry Pi na Birtaniya ya ƙara wa wasu samfuransa na Pi 4 da Pi 5 kuɗi. Dalilin da ya bayar shi ne tsadar RAM, wadda manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira ke kwashewa daga kasuwar duniya. Ƙarin ya fi nauyi a kan masu RAM da yawa, kuma a rana guda kamfanin ya fito da sabon Pi 5 mai RAM gig 1 kacal a kan dala 45. Ga wanda ya ajiye firintar 3D a ɗaki yana buga ƙananan kayayyaki don sha'awa, wannan sanarwa ta ƙara dagula lissafin da dama can a dagule yake. Wani zai ce masa in ba Pi 5 ba kada ya fara. Wani ya ce ɗan ƙaramin nan na dala 15, Pi Zero 2 W, ya isa har ya yi saura. Na uku ya ce a rabu da Raspberry Pi baki ɗaya, a sayi na Sin mai araha. Kowannensu yana da gaskiya a wani yanayi, sai dai ba yanayi ɗaya suke magana a kai ba.

## Ƙwaƙwalwa biyu a jikin na'ura ɗaya

Firintar da akasarin masu sha'awa ke da ita tana narkar da zaren roba ne, ta fitar da shi ta wani siririn nozil mai faɗin milimita 0.4, tana shimfiɗa shi hawa kan hawa har siffar ta tashi. Kafin a kai nan, wata manhaja a babbar kwamfuta ta riga ta yayyanka zanen zuwa dogon jerin umarni da ake kira G-code. Kowane layi yana faɗin abu ɗaya ne: matsa zuwa wuri kaza, da gudu kaza, ka tura roba kaza. Ɗan ƙaramin abu da zai zauna a tafin hannu yana iya cin layi dubu ɗaruruwa.

Mai karɓar wannan umarni shi ne fanel ɗin da ke cikin firintar, mai ɗauke da wani ɗan aisi da ke juya moto, yana hura zafi, yana kunna fanka. Wannan aisi ba kwamfuta ba ce a yadda muka san ta. Ender 3 ta kamfanin Creality, wadda ta fito a 2018 ta cika gidaje, ta zo da ATmega1284P mai gudun megahaz 16 da RAM kilobait 16. Wayar da ta fi kowace araha a kasuwa ta ninka shi sau dubbai. Amma yana da abin da waya ba ta da shi: ba ya shagala. Manhaja ɗaya yake ɗauke da ita, galibi Marlin, kuma yana aika bugun lantarki ga moto daidai lokacin da ya kamata, ba gaba ba baya.

Kwamfuta mai fanel ɗaya kuwa cikakkiyar kwamfuta ce da aka tattara furosesa da RAM da kafofin USB da na intanet a kan fanel guda mai girman katin cirar kuɗi. Tana ɗaukar Linux, tana shiga Wi-Fi, tana jan kyamara. Ba ta zo don ta kori fanel ɗin firinta ba, a gefensa take zama, su yi magana ta wayar USB. A nan ne sabon shiga kan yi tuntuɓe na farko: Raspberry Pi Pico, da ake sayarwa a kan dala 4, sunan gidan ne kawai yake ɗauke da shi. Aisi ne irin na cikin firinta, ba ya ɗaukar Linux, don haka ba zai yi wannan aiki ba.

Ya kamata kuma a sani cewa firinta tana aiki lafiya lau ba tare da ƙaramar kwamfutar ba. A zuba fayil a katin memori, a soka, a danna. Ana ƙara kwamfutar ne don abu biyu: ko sauƙin sarrafawa daga nesa, ko ƙarin gudu da kyawun bugu. Kowace buƙata da manhajarta.

## Ɗan aike da mai lissafi

Manhaja ta farko ita ce OctoPrint, wadda wata Bajamushiya mai suna Gina Häußge ta fara a 2012. Aikinta na ɗan aike ne. Marlin na nan a wurinsa, shi ke duk lissafin motsi. OctoPrint tana miƙa masa layi ɗaya, ta jira ya ce ya karɓa, ta miƙa na gaba. Ribar mai firinta ita ce yana buɗe shafi a wayarsa ya tura fayil, ya ga zafin nozil, ya leƙa ta kyamara, ya tsayar da aiki in ya lalace. Rauninta yana bayyana ne a kan siffa mai lanƙwasa, domin da'ira a G-code ɗaruruwan gajerun layuka ce. Idan kwamfutar ta yi nawa wajen miƙa su, firinta takan ɗan tsaya tana jira, roba na ci gaba da ɗiga, sai a ga ƙuraje-ƙuraje a jikin abin da aka buga.

Ta biyu ita ce Klipper, ta Kevin O'Connor, wadda ta bayyana a 2016. Ita juya tsarin ta yi. Ana goge Marlin daga fanel ɗin firinta, a zuba wata 'yar manhaja da ba ta san komai ba sai cika umarni. Lissafi duka ya koma kan ƙaramar kwamfutar: ita ke auna lokacin da kowane moto zai yi kowane taku, ta aika jadawalin tun kafin lokacin ya yi. Da haka tsohon aisi mai megahaz 16 yake iya gudun da a da ya gagare shi. Klipper ce kuma ta yaɗa dabaru biyu da suka sa mutane tururuwa gare ta. Ɗaya tana auna yadda jikin firinta ke karkarwa ta sassauta motsi yadda karkarwar ba za ta bar sawu a jikin bugu ba. Ɗayar tana daidaita matsin roba a cikin nozil don kusurwa ta fito tsaf. Saitin kuma yana cikin fayil guda na rubutu, printer.cfg, a gyara layi a sake kunnawa, shi ke nan.

Wannan sauyi yana da farashi. Da zarar an koma Klipper, firinta ba ta iya komai in babu kwamfutar. Idan kwamfutar ta makara da jadawali, aisin ba ya jira kamar yadda Marlin ke yi. Yana tsayar da komai ne, ya kashe zafi, a ga saƙon "Timer too close" ko "Lost communication with MCU" a fuskar waya. Aikin awa goma yana iya mutuwa a awa ta tara. Saboda haka abin da Klipper ke nema ba kwamfuta mai ƙarfin gaske ba ce, kwamfutar da ba ta sarƙewa ko na ƙiftawar ido take nema.

Klipper ba ta da shafin kanta. Ana haɗa ta da Moonraker, manhajar da ke shiga tsakaninta da burauza, sannan a ɗora Mainsail ko Fluidd a matsayin fuskar da ake gani a burauza. Waɗannan sun fi OctoPrint sauƙin ɗauka ga ƙaramar kwamfuta, musamman in an cika OctoPrint da ƙarin manhajoji, wanda shi ne babban abin da masoyanta ke so a jikinta.

## Yadda Raspberry Pi ya mamaye fagen, sannan ya yi ɓatan dabo

Firintar gida ta samo asali ne daga shirin RepRap da Adrian Bowyer ya fara a Jami'ar Bath ta Ingila a 2005, kuma ta samu sarari bayan haƙƙin mallakar fasahar da kamfanin Stratasys ke riƙe da shi ya ƙare a 2009. A Fabrairu 2012 Raspberry Pi na farko ya fito a kan dala 35, da niyyar koya wa yara shirya manhaja. A shekarar ce OctoPrint ta fara. Sun taso tare, har ta kai duk wani darasi da za a samu a intanet yana ɗauka cewa Pi ne a hannun mai karatu. An shirya OctoPi, daga baya MainsailOS, waɗanda ake zubawa a katin memori a soka, komai ya tashi a shirye.

Daga 2021 ƙarancin aisi da ya biyo bayan annobar korona ya kama kamfanin. A Oktoba na shekarar ya ɗaga kuɗin Pi 4 mai gig 2 daga dala 35 zuwa 45, daga baya kuma ya fito fili ya ce zai fifita masana'antun da kasuwancinsu ya dogara da fanel ɗin. Masu sha'awa suka koma layin baya. 'Yan kasuwar bayan fage suka riƙa ninka kuɗin, har aka buɗe shafin da ba ya komai sai sanar da mutane shagon da kaya suka sauka. Ba a samu sauƙi sosai ba sai a 2023.

Ƙarancin ya zo daidai lokacin da Klipper ke tashe, musamman a wajen masu haɗa firintar Voron da hannunsu. Buƙata ta yi yawa, kaya babu, sai kamfanonin Sin suka cike giɓin. BigTreeTech, wanda dama fanel ɗin firinta yake ƙerawa, ya fito da CB1 a 2022, mai siffa ɗaya da Compute Module 4 na Raspberry Pi (Pi marar kafofi da ake dasawa a kan wani fanel), sannan BTT Pi. Mutane suka gano Orange Pi da Le Potato na Libre Computer. Creality ya fito da Sonic Pad, allon taɓawa mai Klipper a cikinsa. Da Pi ya dawo kasuwa ya tarar jama'a sun riga sun gane cewa aikin ba ya buƙatarsa dole.

## Ƙarfin da ake buƙata a zahiri

Akwai ƙasa da ba a sauka ƙarƙashinta. Pi Zero da Zero W na farko, da Pi 1, furosesarsu ƙwaya ɗaya ce. Masu OctoPrint sun faɗa ƙarara cewa ba su goyon bayan amfani da Zero W, domin Wi-Fi ɗinsa kaɗai yana cinye ƙarfin furosesa, balle a haɗa da kyamara. Duk arahar da aka ga waɗannan, a wuce su.

Daga furosesa mai ƙwaya huɗu irin Cortex-A53 kuwa magana ta sauya. Ita ce a cikin Pi 3B na 2016, da 3B+ na 2018, da Zero 2 W da ya fito a Oktoba 2021 a kan dala 15. Ita ce kuma a cikin aisin Allwinner H616 na CB1 da BTT Pi da Orange Pi Zero 2, da H618 na Orange Pi Zero 3, da Amlogic S905X na Le Potato. Wato yawancin fanel ɗin da ake ta jayayya a kansu 'yan ɗaki ɗaya ne. Kowannensu yana jan Klipper da firinta ɗaya ba tare da ya yi gumi ba.

Bambancin da ake ji a jiki yana wajen RAM, shi ma ba kamar yadda masu talla ke nunawa ba. Zero 2 W yana da megabait 512. Ya isa bugun yau da kullum. Inda yake numfashi sama-sama shi ne ranar da za a auna karkarwar firinta: ana liƙa wani ɗan ma'auni, galibi ADXL345, a kan nozil, firinta ta girgiza kanta a matakai daban-daban, kwamfutar ta tattara lambobi masu ɗimbin yawa ta yi lissafi a kansu. Takardun Klipper da kansu sun yi gargaɗin cewa fanel mai ƙarancin RAM yana iya kasa ko girka kayan lissafin, sai an ara masa wuri a katin memori. Ana yi, amma da haƙuri. Mai gig 1 ba ya sanin wannan wahala. Daga gig 2 zuwa sama kuwa, firinta ɗaya ba za ta taɓa cinye shi ba. Wanda ya sayi mai gig 8 don Ender 3 guda ya biya kuɗin RAM ɗin da zai shekara yana barci, kuma a kan irinsa ne ƙarin kuɗin Disamba ya fi faɗawa.

Pi 4, na 2019, yana da ma'ana ga wanda zai haɗa firinta biyu ko uku a kan kwamfuta ɗaya, ko mai son allon taɓawa na KlipperScreen da kyamara mai kyau da tarin ƙarin manhajojin OctoPrint duk a lokaci guda. Pi 5 na 2023 ya fi shi gudu nesa ba kusa ba, amma gudun ba ya sauya komai a jikin abin da aka buga. Kamfanin yana ba da shawarar caja mai wat 27 dominsa, yana son fanka in aiki ya yi nauyi, kuma an cire masa sashen da ke matse bidiyo zuwa H.264 wanda Pi 4 da Zero 2 W ke da shi, sai furosesa ta ɗauki wannan nauyi da kanta.

## Kyamara da kafofi

Abin da ke gajiyar da ƙaramar kwamfuta galibi kyamara ce, ba firinta ba. Hoto mai girma da ke gudana ba tsayawa yana cin furosesa, yana cin Wi-Fi, yana kuma raba hanyar USB da firinta. Mai ƙaramin fanel da ya rage girman hoton da yawan hotuna a sakan yakan ga matsalarsa ta kau.

Sai batun inda za a soka. Zero 2 W kafar USB ɗaya gare shi ta aiki, ƙarama, ba shi da kafar wayar intanet, Wi-Fi ɗinsa kuma na gigahaz 2.4 ne kawai. Firinta ta ɗauki kafar, kyamarar USB ta rasa wuri, sai an sayo abin raba kafa. Masu gwaninta kan kauce wa haka ta hanyar haɗa shi da fanel ɗin firinta da siraran wayoyi uku ta ƙusoshin GPIO, su bar kyamarar Pi a kafarta ta musamman. Le Potato yana da kafofi huɗu amma ba shi da Wi-Fi ko kaɗan. CB1 kuwa, duk da kamanninsa da Compute Module 4, ba ya jan kyamarar Pi mai faffaɗar waya, sai ta USB. Irin waɗannan ƙananan bayanai ba sa fitowa a babban rubutun talla.

Wanda ya sa kyamara don ya riƙa leƙe daga wajen gida ya kiyaye abu ɗaya: kada ya buɗe ƙofar rauta kai tsaye zuwa shafin firinta. Na'ura ce mai hura zafi sama da digiri 200, duk wanda ya samu shafin ya samu ikon kunna ta. Akwai hanyoyin da aka tanada don haka, kamar Obico da OctoEverywhere, ko VPN.

## Hujjar kowane ɓangare

Masu cewa a tsaya a kan Raspberry Pi ba ƙarfin fanel suke kafa hujja da shi ba. Manhaja suke nunawa. Raspberry Pi OS har yau yana tashi a kan fanel ɗin 2012. Kamfanin yana bayyana shekarar da zai ci gaba da ƙera kowane samfuri. OctoPi da MainsailOS suna cikin jerin manhajar Raspberry Pi Imager, danna biyu uku an gama, har sunan Wi-Fi da kalmar sirri ana sa su tun kafin a cire katin. In matsala ta taso da tsakar dare, kusan tabbas wani ya taɓa cin karo da ita ya rubuta maganinta. A ganinsu bambancin 'yan daloli bai kai darajar kwana biyu na neman dalilin da ya hana Wi-Fi tashi ba. Araha ba ta ado, in ji su.

Ɗaya ɓangaren yana da nasa abin nunawa. BTT Pi an ƙera shi ne musamman don firinta: yana shan wuta kai tsaye daga bolt 12 zuwa 24 na firintar, yana da kafar ma'aunin karkarwa a jikinsa. CB1 yana zama daram a kan Manta, fanel ɗin firinta na BigTreeTech, kwamfuta da fanel su zama abu ɗaya, babu wayar USB da za ta saki. Orange Pi Zero 3 ya fito da RAM gig 1 zuwa 4 da kafar wayar intanet a kuɗin da ke kusa da na Zero 2 W. Kuma sun ga abin da ya faru a 2021, ba sa son sake rataya a wuyan kamfani ɗaya.

Inda waɗannan fanel ke da rauni sananne ne. Manhajar da masu ƙera su ke bayarwa takan tsaya a tsohon Linux, sabuntawa ta yi jinkiri ko ta tsaya cak bayan sabon samfuri ya fito. Lambobin ƙusoshin GPIO sukan bambanta da na Pi ko da siffar ɗaya ce, don haka darasin da aka rubuta don Pi ba ya hawa kai tsaye. Abubuwa biyu sun rage wannan tazara: Armbian, wanda 'yan sa-kai ke kula da shi don irin waɗannan fanel, da KIAUH, wata 'yar manhaja da ke girka Klipper da Moonraker da Mainsail a kan kusan kowane Linux na dangin Debian ta hanyar zaɓen lamba. Kafin a biya kuɗin kowane fanel, duba ko Armbian na tallafa masa ya fi duba gudun furosesarsa amfani.

Akwai kuma ɓangare na uku da ke cewa kada a sayi komai. Tsohuwar laftof da allonta ya fashe tana jan Klipper, ga ta da batirinta. Ƙananan kwamfutocin ofis da aka yi ritayarsu, irin Dell Wyse 3040, sun samu sabuwar rayuwa a lokacin ƙarancin. Tsohuwar wayar Android ma tana ɗaukar OctoPrint ta manhajar Octo4a, da kyamararta da allonta, sai dai ba kowace waya ce ke yarda ta yi caji tana kuma magana da firinta ta kafa ɗaya ba, kuma batirin da aka bari a caji dare da rana yana iya kumbura.

## Wuta, zafi da katin memori

Yawancin abin da ake ɗora wa fanel laifinsa, ba a nan gizo ke saƙar ba. Pi yana son bolt 5 tsayayye. Da zarar ya sauka ƙasa da kusan 4.63 sai ya rage gudunsa, kafofin USB su fara saki. Cajar waya da aka rubuta wa manyan lambobi ba lallai ta riƙe bolt 5 ba in an ja wuta kwatsam, siririyar waya mai tsawo kuma tana shanye wani abu a hanya. Pi 3B+ yana son amfiya 2.5, Pi 4 yana son 3. Gwajin ba wuya: a rubuta vcgencmd get_throttled a wurin ba Pi umarni. In amsar ta fito 0x0, lafiya. In ta fito 0x50005, wutar ta gaza kuma yanzu haka ma tana kan gazawa. Mutum zai iya canja fanel sau biyu yana neman maganin "Lost communication with MCU", alhali cutar tana jikin caja.

Wasu kan ɗebi wutar daga bolt 24 na firinta ta wani ɗan fanel mai rage wuta, irin LM2596. A jikinsa akwai ɗan sukurun tagulla da ake murzawa, mita a hannu, har allura ta tsaya a 5.1, sannan a haɗa Pi. Wanda ya haɗa kafin ya auna, sau ɗaya zai yi wannan kuskure a kan wannan fanel. Illar tsarin ita ce makunnin firinta ya zama makunnin kwamfuta, ita kuwa Linux ba ta son a yanke mata wuta tana tsakiyar rubutu a kati.

A nan ne mai karatu a Kano ko Zariya ko Maraɗi yake da lissafin da darussan Turai ba sa yi. Inda ake ɗauke wuta ba sallama, kowace ɗaukewa caca ce da katin memori: sau da yawa ba abin da zai faru, wata rana kuma a kunna a ga shafin ya ƙi buɗewa, sai an sake girka komai. Sannan akwai bambanci babba tsakanin manhajojin biyu. Marlin yana da tsarin ci gaba daga inda aka tsaya bayan wuta ta dawo, in ana bugawa daga katin firinta, ko da yake yakan bar ɗan tabo a wurin. Klipper ta asali ba ta da wannan, sai abin da wasu kamfanoni suka ƙara da kansu a nasu firintocin. Wanda ba shi da inbata ko sola, komawarsa Klipper tana iya ba shi gudu ta karɓe masa abin da ya fi buƙata. 'Yan sakan ɗin da ake ɗauka kafin a juya layi zuwa janareta sun isa su kashe aikin. Sa kwamfutar kaɗai a kan fawabank yana kare katin, ba ya ceton bugun, kuma fawabank da yawa suna ɗan yanke wuta a daidai lokacin da caji ya shiga ko ya fita. Ga mai lissafin batirin inbata, ƙaramar kwamfutar ba ita ce abin damuwa ba, wat kaɗan take ci, ƙasa da ƙwan fitila. Farantin firinta mai zafi shi ke shan wutar, shi ya sa na'urar wutar Ender 3 ta kai kusan wat 350.

Zafi ma haka. Pi 4 yana fara rage gudu in furosesa ta kai digiri 80. A ɗakin da iska ke digiri 20 da wuya a je nan, amma a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda zafi ke haura 40, rabin tafiyar an riga an yi ta tun kafin a kunna. Ƙarfen shan zafi da ƙaramar fanka sun zama dole, har ga masu H616, waɗanda dama an san su da ɗumi. Ƙurar hunturu kuma tana toshe fankar a hankali. Wanda ya rufe firintarsa a akwati don buga roba irin ABS, ya bar kwamfutar a waje.

Katin memori shi ne abu mafi araha a tsarin, shi ne kuma ya fi mutuwa. Jabun kati ya cika kasuwa, mai rubutun gig 64 a jiki alhali cikinsa bai kai ba. Gig 16 ko 32 na gaske mai alamar A1 ya wadatar. Fanel mai ma'ajiyar eMMC a jikinsa ya fi jure wahala. Kuma kwafin printer.cfg a waya ko a imel yana mayar da mutuwar kati aikin awa ɗaya maimakon na mako.

## Abin da zai fita daga aljihu

Kuɗin da kamfani ke sanarwa na fanel ne tsirara, a dala, kafin dako da haraji da ribar ɗan kasuwa. Tun da aka saki Naira a Yuni 2023, kowace dala da aka ƙara a Kambirij, hedikwatar Raspberry Pi, tana isowa da nauyi. A kan Zero 2 W na dala 15 sai an ɗora kati da caja da mahaɗin USB, wataƙila da abin raba kafa, har jimillar ta matso kusa da ta fanel mai gig 1 da ya zo da kafofinsa. A kan Pi 5 sai an ɗora caja ta musamman da fanka. Pi 3B+ na hannu, in an samu mai lafiya, yana da kafofi huɗu da kafar intanet da gig 1, kuma duk darasin da ke intanet yana hawa kansa.

Akwai kuma waɗanda tambayar ba ta shafe su ba. Firintoci da dama na baya-bayan nan, kamar Creality K1 da Elegoo Neptune 4 da Sovol SV08, sun zo da ƙaramar kwamfuta da Klipper a cikinsu. Na Bambu Lab, da suka shigo kasuwa a 2022, rufaffen tsari ne na kamfanin, ba a tanadi wurin Pi a cikinsa ba. Mai tsohuwar firinta da yake tunanin sayen kwamfuta da sabon fanel da ma'aunin karkarwa da allon taɓawa, yana da kyau ya tara kuɗin a takarda ya ajiye kusa da farashin sabuwar firinta. Mai shakkar ko Klipper za ta yi masa kuwa yana iya girka Debian da KIAUH a tsohuwar laftof ya yi mako biyu yana bugawa, bayan ya tanadi fayil ɗin Marlin na firintarsa don komawa in bai gamsu ba.